Inshorar Nan A Bar Ta

Ku gyara zama, ga wata magana ta taso daga Funtuwa, kuma ba mai tashi sai kun raba mini gardamar da ke cikinta.

A wata unguwa da ke gefen garin akwai wata dattijuwa da ake kira Inna Yalwa. Mijinta, Malam Sallau, ya yi aiki a kamfanin auduga har ya yi ritaya, kuma kafin Allah ya karɓi ransa ya bar mata gida mai ɗaki uku da zaure, da madafi a can ƙarshen tsakar gida. Ba irin gidan da mai wucewa zai tsaya kallo ba ne, amma ita ba ta haɗa shi da komai. Tana tuna ranar da Malam Sallau ya sa magina suka fasa tagar ɗakinta suka mai da ita ƙasa, don kawai ta ce tana so ta riƙa hango bishiyar lemun tsami daga zaune. Magina suka yi ta gunaguni, shi kuwa abin da ya ce da su bai wuce, "Mai ɗakin ce ta ce" ba. A gidan nan ta yi amarci na biyu da shi bayan yara sun girma, a nan ta yi jinyarsa, a nan ta yi takaba. Burinta a duniya ɗaya ne ya rage, kada a raba ta da shi sai dai a fitar da ita a makara.

Da rancen ma'aikata Malam Sallau ya gina gidan, kuma masu ba da rancen suka ce dole a yi masa inshora, wato a riƙa biyan wani kamfani kuɗi duk shekara, in wani bala'i ya faɗa wa gidan su gyara. An gama biyan rance tuntuni, amma bai soke inshorar ba. Ya ma sa hannu cewa ta riƙa sabunta kanta: duk shekara, gab da faɗuwar damina, kamfani ya zari kuɗinsa daga asusun da suke tarayya shi da matarsa, ba sallama ba tambaya. Da Inna Yalwa ta yi masa ƙorafi, cewa ya yi, "Yalwa, ko ba na nan, ba na so ruwa ya taɓa ki." Ta ce masa ya daina irin wannan magana da sassafe.

To, ga shi ba ya nan ɗin, kamfani kuwa bai fasa ba. Duk shekara wayarta sai ta yi ƙara, a duba a ga an zare kuɗi, kuma na bana kullum ya fi na bara. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ga ko gidan yana tsaye. Babu wanda ya zo ta'aziyya. Kuɗi dai suke tunawa da shi.

'Ya'yanta uku ne. Babban shi ne Tukur, ɗan kasuwa a Kano, mutum mai tsantseni da kuɗi da saurin hawa. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yayanku". Mai bi masa Balaraba, ma'aikaciyar jinya a Zariya, wadda ba ta shan magani sai ta karanta takardar da ke cikin kwalin. Sai auta, Mansir, mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda yake zaune tare da ita, kuma ko gobara ake yi sai ya ƙarasa shayinsa.

Wata shekara suka haɗu gaba ɗaya a gida saboda bikin 'yar ƙanwar Inna. Inna ta riga ta ƙudurta abin da za ta kai na gudummawa, ta ma faɗa wa ƙanwar tata da bakinta. Ana cikin cin abinci wayarta ta yi ƙarar nan da ta sani. Mansir ya duba, ya ce, "Inna, mutanenki ne. Sun ɗauka." Kuɗin gudummawa ya tafi aljihun kamfani.

Tukur ya ajiye cokali. "Wai har yaushe za a yi ta ciyar da waɗannan mutane? Tun ina makaranta ake biya, ko ƙusa ɗaya sun taɓa buga mana? Ni da za a ji tawa ma, gidan za a sayar, Inna ta dawo Kano ta huta."

"Yaya, Baba ne fa ya yi abin nan da hannunsa," in ji Balaraba. "Ai ba wawa ba ne."

"Wa ya ce wawa ne? Ke komai sai kin juya shi."

"Ni dai a miƙo mini yaji," in ji Mansir.

Inna Yalwa tana zaune tana jin su, zuciyarta biyu. Kuɗin yana mata ciwo, ga kunyar ƙanwarta. Amma kuma duk lokacin da wayar nan ta yi ƙara, takan ji kamar Malam Sallau ne ya leƙo ya duba rufi. Ba ta so ta ci gaba da biya, ba ta kuma so a ce ita ce ta warware abin da ya ƙulla. Ga hayaniya, ga maganar Kano da take ƙi kamar ciwon haƙori. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki buta, ta ce, "Kai, kun ishe ni! Inshorar nan a bar ta." Ta shige banɗaki.

Ku da kuke jin Hausa kun san inda matsalar take. Wanda ya bar shan taba ya daina ke nan. Wanda ya bar ƙofa a buɗe kuwa bai taɓa ta ba, yadda ya same ta haka take. Wanda kuma aka ce masa ya bar maganar, an ce ya kama bakinsa ne. Ita kanta Inna da za a tsare ta a bakin banɗakin a tambaye ta wanne take nufi, da ba ta iya faɗa ba. Amma cikin 'ya'yan nan uku babu wanda ya tambaya, domin kowa ya tabbata ya gane uwarsa.

Tukur ya ji an ce a daina. Yana komawa Kano ya kira kamfanin. Wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna; ta ce ya danna huɗu, ya danna; aka sa masa kiɗa har katinsa ya ƙare. Ya sake loda wani, aka sake masa kiɗan. Da ya ga abin na raini ne, sai ya rufe shago ya hau mota zuwa Kaduna inda ofishinsu yake. Wata yarinya mai fara'a ta ce masa ai mai inshorar ne kaɗai zai iya soke ta.

"Mai inshorar ya rasu," in ji Tukur.

"Allah ya jiƙansa. To sai dai a mai da ita sunan magaji, sannan magajin ya soke."

"Ikon Allah! Lokacin zarar kuɗi ba ku ce sai ya zo da kansa ba, sai lokacin dainawa?"

Yarinyar ta yi murmushi ta ce haka tsarin yake. Wani da ya haƙura a nan, amma Tukur idan aka ce masa ba zai yiwu ba, a nan yake fara aiki. Aka ce ya kawo shaidar rasuwa daga asibiti, ya kawo, aka ce hatimin bai fito ba. Aka ce ya kawo takardar gado daga kotu, ya yi ta zarya har masinjan kotu ya fara tambayarsa lafiyar iyali. Aka ce hoton Inna, ya kawo, aka ce mayafi ya rufe mata goshi. Ya kwana a tasha, ya yi faɗa da direba, abokan cinikinsa suka koma wa maƙwabcin shagonsa. Abin da ya kashe a mota da buga takardu ya kusa kai kuɗin inshorar, kuma ya sani, kuma sanin ya ƙara masa taurin kai. Har dai rannan aka cire sunan Malam Sallau aka sa na Inna Yalwa. Ya zo Funtuwa da takarda, ya same ta tana lazimi, ya ce, "Inna, sa hannu nan. Abin da kika ce ne." Ta duba idonsa da ya faɗa saboda wahala, ta ji tausayinsa, ta sa hannu ba tare da ta tambaya ba. Da wannan aka kashe sabuntawar: shekarar da aka riga aka biya za ta ƙare, daga nan shi ke nan. Bai gaya wa Balaraba ba, domin a ganinsa babba ba ya kai wa ƙanwa rahoto. Mansir kawai ya ja gefe ya ce, "Na soke abin nan, amma na san halinsu. Katin bankin Inna yana hannunka. Kafin damina ka kwashe komai daga asusun, in sun zo da hannunsu su tarar da wayam."

Balaraba kuwa ta ji an ce a ƙyale ta yadda take. Wata rana ta zo hutu, Inna ta miƙa mata waya ta ce ta duba mata wani saƙo da ya shigo, tabaraunta ya ɓata. Balaraba ta karanta, ta ga kamfani yana sanar da cewa inshorar gidan za ta ƙare kuma ba za ta sabunta ba. Ta ja tsaki. Ba ta kawo kowa a ranta ba sai sakacin kamfani: uwarta ta ce a bar abu, su kuma suna neman yankewa. Ta kira su. Aka sa mata kiɗan nan, amma ita wadda ta saba jiran likita ba kiɗa ne zai kore ta ba. Ta ajiye wayar a kan turmi ta ɗauko faranti tana tsintar shinkafa har wani ya ɗauka. Ta ce a mayar da sabuntawa. Sannan, da yake halinta ne, ta ce a karanto mata ɗaya bayan ɗaya abin da ake biya wa kuɗin.

Mutumin ya fara: gobara, sata, cizon kare.

"Wane kare?"

"Idan karen gidan ya ciji baƙo, Hajiya."

"Malam, gidan nan ko kyanwa sai ta yi sallama. Ci gaba."

Ya ci gaba: tsagewar tafkin wanka, gilashin bene, na'urar sanyaya ɗaki. Balaraba ta dubi randar da ke gindin lemun tsami, ta dubi fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da muciya. Ta tambaya wa ya sa duk waɗannan, aka ce an riƙa ƙara su ne shekara bayan shekara, an kuma aiko da saƙo, kuma ba a ce a'a ba. Ta ce ai wanda ake aika wa saƙon yana kabari, da wuya ya ce a'a. Sannan ta tambayi abin da ya fi damunta: iska fa, da ruwan sama? Mutumin ya duba ya ce wannan ba ya ciki. Ashe duk shekarun nan ana tsare gidan daga kare, ruwan da Malam Sallau yake gudu kuwa ba a taɓa sa shi ba. Ta sa aka zubar da duk tarkacen, aka sa iska da ruwa a madadinsu, kuɗin ma ya ragu. Mutumin ya ce saura ya ji daga bakin mai inshorar. Da ya ambaci sunan Inna, Balaraba ba ta tsaya tambayar yadda aka yi ya shiga takardunsu ba, ta tafi madafi, ta tarar Inna tana suyar ƙosai, ta kara mata wayar a kunne.

"Inna, ce kin amince."

"Da me?"

"Abin da kika ce ne."

"To na amince. Matsa kada mai ya fallatsa miki."

Ta koma Zariya da daɗin rai, ba ta gaya wa kowa ba, domin a ganinta gyaran kuskuren kamfani ba labari ba ne.

Shi kuwa Mansir abin da ya ji shi ne a bar maganar, kuma a duniya babu umarnin da ya fi wannan yi masa daɗi. Da Yaya ya ce ya kwashe kuɗi, ya ce to, domin ba a yi wa Tukur musu. Amma akwai abin da Tukur bai sani ba. A tsallaken shagon Mansir akwai rumfar cire kuɗi, kuma mai riƙe da na'urar wata yarinya ce, Suwaiba, mai magana a hankali, wadda takan miƙo kuɗi da hannu biyu ta ce, "Allah ya sa albarka." Mansir ya daɗe yana kallon rumfar nan ta saman wayoyin da yake kwancewa, amma bakinsa bai taɓa iya furta mata komai ba sai adadin abin da za a cire. Da ya tsallaka da katin Inna da niyyar kwashewa, ta ɗago ta dube shi ta ce, "Nawa?" sai ya tuna cewa in ya kwashe yau, gobe ba shi da dalilin tsallakowa. Ya faɗi ɗan abin da bai wuce kuɗin cefane ba. Washegari ya sake dawowa ya ciri wani ɗan kaɗan. Ran da babu sabis ya fi kowa murna, domin sai an jira, kuma akwai benci. Kuɗin ba ya taɓa ko kwabo, yana kai wa Inna ta zuba a gwangwani, tana mamakin yadda autanta ya koyi kula. Tukur yakan kira ya ce, "Kai Auta, ka kwashe?" Ya ce, "Ina kan kwashewa, Yaya," kuma ba ƙarya ya yi ba. Haka aka yi ta tafiya, daga "nawa" aka kai ga "ya gajiya", daga nan aka kai ga tambayar sunan unguwa. Ran da kamfani ya miƙo hannu, sai ya tarar da saura, daidai abin da zai ishe shi, ya zara. Wayar Inna tana shagon Mansir a ranar ana canja mata batir. Ya ga saƙon, ya tuna fuskar Yaya, ya tuna kuma an ce a bar maganar. Ya bar ta.

Ba a daɗe ba hadarin farko ya haɗo. Bayan la'asar ne, gabas ta yi ja, kaji suka shige, sai iska ta taso da ƙarfin da tsofaffin unguwar suka ce sun manta rabon da su ga irinsa. Inna Yalwa tana madafi tana kwashe tuwo ta ji wata ƙara, ta leƙo, ta ga rufin ɗakunanta ya ɗaga gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ya yi sama, ya faɗa bayan gida. Ruwa ya biyo baya. Tana tsaye da mara a hannu tana kallo ya sauka a kan gadonta, da akwatunanta, da kujerar Malam Sallau. Bangon ɗakin tsakiya ya jiƙe ya tsage ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo. Maƙwabciyarta, Goggo Marka, ta zo ta janye ta zuwa gidanta, Inna tana tirjewa.

Washegari 'ya'yan suka haɗu a zauren Goggo Marka. Tukur ya zagaya gidan ya dawo, ya zauna, ya kasa haɗa ido da uwarsa. Shi da ya saba magana kamar yana ciniki, yau da ƙyar ake jin sa. Ya ce gyaran nan ya fi ƙarfinsu ko sun haɗa hannu, kuma inshora babu, domin shi da kansa ya soke ta. Ya ce Inna ta yi haƙuri ta shirya kayanta, akwai ɗaki a Kano. Inna Yalwa ta ji kamar an sake yaye wani rufin.

"Ka soke?" in ji Balaraba. "Ashe kai ne! Ni ina can ina zagin kamfani. To na mayar."

"Kin mayar? Da izinin wa?"

"Da izinin Inna. Ita ta ce a bar ta."

"Ai shi ya sa na soke, don ta ce a bar ta!"

Suka juyo gaba ɗaya suka dubi uwarsu. Ita kuwa ta dubi silin Goggo Marka.

Tukur ya girgiza kai ya ce ko an mayar aikin banza ne, tunda ranar da za su zari kuɗi babu ko sisi a asusun. Ai ya riga ya sa Auta ya kwashe. Sai aka ji Mansir yana gyaran murya. Ya ce wato, a gaskiya, kwashewar ba ta ƙarasa ba. Tukur ya tambayi dalili. Ya ce sabis. Balaraba ta ce wane irin sabis ne zai ɗauke tun sanyi har damina? Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar caja, har dai sunan Suwaiba ya fito. Goggo Marka da ke bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, ta tuna halin da ake ciki, ta toshe bakinta.

Inna Yalwa ta rasa abin da za ta fara, kuka ko dariya ko neman muciya. Ta ce, "Wato ni kuka mayar abin wasa. Wannan ya ce in sa hannu, wannan ta ce in ce na amince, wannan yana zance da katina. Cikinku an rasa mai buɗe baki ya ce, Inna, me kike nufi?"

"To me kike nufi, Inna?" in ji Mansir.

"Rufe mini baki."

Bayan 'yan kwanaki kamfani ya turo wani ma'aikaci, Malam Sha'aibu, mai ƙaramin jiki da fuskar wanda ya gaji da mutane. Ya zagaya, ya ɗauki hotuna, ya zauna a kan tabarma ya sha ruwa. Ya ce za a biya, za a yi rufi, za a ta da bango. Ya ce amma Hajiya ta gode wa Allah, domin da inshorar tana nan da sunan marigayi, da ba za su iya biyan wanda ba ya raye ba, sai dai a shiga shari'ar da za ta kai wata daminar. Da kuma ba a mayar da sabuntawa an sa iska da ruwa ba, da ko ganinsa ba za a yi a Funtuwa ba, sai fa in kare ne ya cinye rufin. Da kuma ranar zarar kuɗi an tarar asusun wayam, da inshorar ta mutu tun kafin hadari ya haɗo, duk sauran wahalar ta tashi a banza.

Inna ta fara hamdala, sai ya ɗaga hannu ya ce da saura. Ya ce maganar gidan nan ta wahalar da ofishinsu: yau a soke, gobe a mayar, kowa kuma ya ce Hajiya ce ta ce. Don haka manyansa sun yanke cewa ba za a saki ko ƙusa ba sai an sami bakin magana ɗaya. Ko dai Hajiya ta riƙa zuwa Kaduna da kanta a kowane mataki, ko ta naɗa wakili guda, wanda zai karɓi kuɗin gyara, ya tsaya a kan ma'aikata, kuma daga yau maganarsa ce magana a kan inshorar, ko a ci gaba ko a daina. Inna ta dubi gwiwoyinta da ko masallacin unguwa ba sa kai ta sai da hutawa. Ta ce ba za a sa su uku ba? Malam Sha'aibu ya ce, "Hajiya, ai ukun ne suka kawo mu nan."

Nan fa zaure ya kaure. Tukur ya ce shi ne babba, shi ya kwana a tasha, shi ya rufe shagonsa, kuma da bai yi ba da yanzu sunan mamaci ake nema. Balaraba ta ce ya yi wahala kam, amma wahalar rushewa ya yi. Ita kaɗai ce ta nufi tsare gidan, ita ta tambayi abin da ba wanda ya taɓa tambaya. Tukur ya ce da bai sa an canja suna ba, da muryar wa za ta kara wa waya, ta Baba? Mansir ya ce shi dai bai iya dogon bayani ba, amma duk dabararsu da ya bi umarni da yanzu ana ɗaure kayan Inna a bayan mota. Suka haɗu a kansa suka ce shi ko kunya ba ya ji, soyayya ce ta hana shi, ba hankali ba. Ya ce to, ai dai ta hana.

Inna Yalwa tana zaune tana auna su a ranta. Yayansu ba ya gajiya, babu kafinta ko magini da zai cuce shi, amma shi ne mai son a sayar da gidan, kuma alherin da ya yi bai nufe shi ba. Balaraba ta nufi alheri kuma ta yi shi da ido buɗe, amma tana Zariya tana aikin kwana, kuma ita ma ta yanke hukunci ne ta sa uwarta ta amince da abin da ba ta sani ba. Auta yana kusa, shi zai ga kowane kwano da za a buga, kuma ko kwabonta bai taɓa ci ba, amma mutumin da kallon yarinya ya hana shi cika aiki, wa ya san abin da zai hana shi gobe? Wanda duk ta zaɓa, biyu za su tafi da ciwo a rai, su ce wahalarsu ba ta da daraja a idonta. In kuma ta ƙi zaɓa, kayanta suna can a ƙarƙashin tamfol, sauran bangon yana shan ruwa, kuma gabas ta fara yin duhu tun kafin Malam Sha'aibu ya gama shan ruwansa. Ya ciro biro, ya dubi sama, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, suna ɗaya."

To, jama'a, ga ku ga Inna Yalwa. Ɗaya ya yi wahala don ya rushe, wahalarsa ta zama ginshiƙi. Ɗaya ta gyara da niyya, amma da ba a share mata hanya an kuma bar mata kuɗi ba, da gyaranta bai tsinana komai ba. Ɗaya bai yi abin da aka sa shi ba, kuma rashin yin ne ya rufa asiri. Cikin su ukun, wa ya fi cancanta ta damƙa wa gidan Malam Sallau?